Kundin da Na Goge a Gindin Tsamiya

Shekarun baya, lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare a wani ƙauye da ke bayan Tsanyawa. Ni ɗan Rijiyar Zaki ne, a nan aka haife ni, a nan na girma, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ina da waya mai kyau, ina da takalmi sau-ciki, ina da ɗan Turancin da nake ganin ya ishe ni in wayar da kan gari guda. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kai ni ya baro.

A shekararmu ne kwalejin ta fito da sabon tsari. Da can littafin shirin darasi kawai ɗalibi yake cikawa, malami ya zo sau ɗaya ko biyu ya zauna a bayan aji ya ba shi maki. Mu kuwa aka ce kowa zai haɗa abin da suke kira fotfoliyo a wayarsa. Wato kowane yaro a ajinka ka buɗe masa folda, duk sati ka ɗauki hoton rubutunsa, ka naɗi muryarsa yana karatu, ka zuba a ciki, sannan ka tura ta intanet. Malamar da ke duba mu tana zaune a ofishinta a Kano za ta buɗe ta ga inda yaro ya faro da inda ya kai. Ta faɗa mana ƙarara: "Ba surutunku nake so ba. Ku nuna min yaron da ya zo bai iya ba, ya tafi ya iya. A nan makinku yake."

Na sauka a garin ana yankan gero, dawa kuwa ta yi tsayi ta fi mutum. Daga bakin titi inda bas take ajiye mutum sai ka yi tafiyar da ta kusa awa ɗaya a 'yar siririyar hanya, dawa dama, dawa hagu. Hedimastan makarantar, wani dattijo ɗan garin mai magana a hankali, ya ba ni ɗaki a jikin zauren ƙaninsa, ya kuma ba ni aji uku.

Matsalar farko da na ci karo da ita ita ce suna. Garin kusan duk dangi ne, kowa ya haifi 'ya sai ya mayar da sunan kakarsa. Yara mata biyar a ajina sunansu ɗaya, uku daga cikinsu har sunan ubansu ɗaya ne. In na buɗe folda sai in rasa ta wace ce. Na yi kwana biyu ina juya abin, sai dabara ta faɗo min, har ina yaba wa kaina: in haɗa da sunan uwa mana. Wance 'yar wance. Shi ke nan an raba gardama.

Da na tambayi yaran sunayen iyayensu mata, ajin ya yi tsit. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki suna dariya. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce kunyar ƙauye ce, sai na zagaya: in tambayi wannan sunan babar waccan, in tambayi waccan sunan babar wannan. Kafin a tashi na cika jerina kaf, na maza da na mata, don aikin ya tafi bai ɗaya.

A sati na biyu na kawo darasin zane. Kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan takarda, ya zagaye shi da fensir, ya rubuta sunansa a tsakiya. Abin ya yi kyau a hoto sosai, sai na mayar da shi fuskar kowace folda. Kana buɗe wayar za ka ga hannuwan yara a jere, kowane da suna da sunan uwa a ƙasa.

Wata rana suka tambaye ni, "Malam, ina kake kai hotunanmu?" Na san in na ce fotfoliyo ba za su gane ba, ni kuma ina so in nuna na iya Hausa tsantsa. A kwaleji mun saba cewa kundin bincike, a rediyo kullum ana cewa kundin tsarin mulki. Sai na ce, "A kundina nake zuba ku." Da ma a nan bakin nan nawa ya tsaya. Ina, sai da na ƙara da cewa, "Duk wanda ya shiga kundina ya shiga ke nan. Ko na koma Kano ina ganinsa, ina jin muryarsa." Ina faɗa ina murmushi, su kuma suka kwashe maganar suka kai gida yadda na faɗe ta.

Saura maganar sabis. Kira yana shiga a cikin gari, amma tura hoto da murya sai a wani ɗan tudu a bayan gari, a gindin wata tsohuwar tsamiya. Na lura inuwarta luf-luf amma ba mai zama a wurin, har hanyar gona ma sai da ta karkace ta kauce mata. Na ce to, sun bar min ke nan. Kullum wajen faɗuwar rana, lokacin da sabis ya fi ƙarfi, ina can tsaye ni kaɗai, na ɗaga waya sama, bakina yana motsi: "Tafi mana. Tafi. Allah ka sa ta shige." Masu dawowa daga gona su yi min sallama daga nesa su ƙara sauri. Ni a zatona girmama malami suke yi.

A cikin masu suna ɗayan nan akwai wata 'yar siririya mai zama a ƙarshen benci. Sati biyu ban ji muryarta ba. Abin da na fara naɗa a foldarta numfashinta ne kawai da kukan akuya a waje. A sati na huɗu ta fara haɗa baƙi da wasali. A na shida ta karanta layi biyu cur, a hankali, tana bin su da yatsa. Na fi ɗaukar ta fiye da kowa, foldarta ta fi ta kowa cika. Gaskiya zan faɗa muku: ina jin daɗin ƙoƙarinta har raina, amma in na kalle ta ina kuma hango makina.

Ranar wata Litinin na shiga aji na tarar da yaran da ba su kai goma ba. Su ma ina ciro waya daga aljihu suka manne da bango. Tun da safe da ma tsohuwar da nake sayen ƙosai a wurinta ta miƙo min ba ta kalli fuskata ba, ba ta tsokane ni da ɗan birni yadda ta saba ba. Ban gama haɗa wannan da wancan ba hedimasta ya leƙo ya ce in same shi a ofis, ya kuma ce in rufo ƙofa.

"Malam," ya ce, "me ka ce wa yaran nan kana da shi a waya?"

Na ce kundi. Ya rufe ido.

"A nan kundi ɗaya muka sani," ya ce. "Tarin takardun nan da malamin tsibbu yake ɓoyewa a gafaka, inda yake rubuta laƙani da sunayen waɗanda aka kawo masa aiki a kansu. Shi ka ce kana zuba 'ya'yan mutane a ciki."

Sannan ya gaya min sauran. 'Yar siririyar nan tun Juma'a take kwance da zazzaɓi. Ranar Asabar ta fara jijjiga, idanunta suna juyewa. A cikin zafin ciwon tana ta cewa, "Malam ya sa ni a kundi, ba zan fita ba." Shi hedimasta ya je ya gan ta, ya ce ba ya ko shakka zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, kuma irinsa ba ya jira. Amma mahaifinta ya rantse ba za a kai ta asibiti ba. Ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, in aka yi wa mai irinsa allura ƙarasa shi ake yi. Sai an fitar da ita daga inda aka sa ta tukuna. Mai gari ya ce in zo ƙofar gidansa bayan azahar.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Baba, bas ɗin Kano ƙarfe nawa take wucewa?"

Ya ce, "In ka gudu ka amsa laifi. Kuma ka tuna hanyar da ka biyo. Akwai matasan da tun jiya ake ba su haƙuri. Gara su gan ka a gaban manya da su gamu da kai a cikin dawa."

Na fita bayan aji na kira mahaifiyata. Ina so in ji ta ce mutanen ƙauye ne da camfinsu. Na jera mata komai. Sai ta ce, "Sunan uwa? Kai wa ya aike ka? Ba ka san da sunan mutum da na uwarsa ake yi masa asiri ba?" Na ce Umma ai don in bambance su ne. Ta ce, "Da tafin hannu. Da tsamiya da almuru. Ni da na haife ka, in aka jera min waɗannan sai na zaunar da kai na tambaye ka." Ta ja numfashi. "Ka je. Ka cire takalmin nan naka tun daga nesa, ka durƙusa, kada ka yi musu Turanci ko kalma ɗaya. Abin da suka ce ka yi, ka yi. 'Yar mutane ce a kwance."

Ban iya cin komai ba. Na yi sallar azahar a sahun ƙarshe, ban san me na karanta ba.

A ƙofar gidan mai gari an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Mai gari yana kan kujera, liman a gefensa, dattawa a zazzaune, matasa kuwa a tsaye a baya sun yi zobe. Ba mai ɗaga murya, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan a ce ihu suke yi. Hedimasta ya nuna min mahaifin yarinyar da ido. Mutum ne dogo, idanunsa sun yi ja don rashin barci, daga yankan ciyawa aka kira shi, laujensa yana ajiye a kan cinyarsa. Na san kowa a garin da lauje yake yawo a wannan lokacin. Duk da haka idona ya kasa barin wurin.

Liman ne ya yi magana. Bai zage ni ba, bai ce na yi komai ba. Yatsunsa kawai ya riƙa lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka karɓi sunan yaro. Ka karɓi sunan uwarsa, ba ka tambayi kowa ba. Ka ɗauki hotonsa. Ka ɗauki tafin hannunsa. Ka ɗauki muryarsa. Kullum rana za ta faɗi kana gindin tsamiyar da ko awaki ba ma ɗaurewa a wurin, kana magana kai kaɗai. Da bakinka ka ce kundi ne, wanda ya shiga ya shiga. Malam, in kai ne uba, aka jera maka waɗannan, me za ka ce?"

Wallahi da ya gama ni kaina sai da na ji tsoron mutumin da yake siffantawa. Na ce, "Allah gafarta Malam, da ni ne, abin da suka ce zan ce."

Na roƙi izini na matsa da gwiwa na buɗe wayar a gabansu. Na nuna musu folda-folda, na yi bayanin malamarmu da maki, da Hausar da ta fi sauƙi da na taɓa yi a rayuwata. Na kunna musu muryar yarinyar ta satin farko, numfashi da kukan akuya. Na kunna ta sati na shida. Muryarta ta fito siririya a tsakiyar taron, tana karanta layi biyun nan, tana tsayawa tana ci gaba. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah." Liman ya gyaɗa kai, na ga alamar ya gane.

Mahaifinta kuwa jin muryar bai sanyaya masa rai ba. 'Yarsa tana can kwance ba ta gane kowa, ga muryarta nan lafiya lau a hannun baƙo.

"Na ji," ya ce. "Karatu ne. Na ji. Cire min 'yata."

Na goge foldar daga wayar a gabansa. Har na fara jin iska tana shiga ƙirjina, sai liman ya ce, "Tsakaninka da Allah, Malam, babu sauran wani a wani wuri?"

Akwai. Duk abin da na tura a gindin tsamiya yana nan a intanet, kuma shi ne ma wanda malamarmu take gani. Ba wanda ya san haka a wurin sai ni. In na ce babu, an tashi taro, a kai yarinya asibiti, makina yana nan ba abin da ya taɓa shi. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya hana ni ƙarya. Akwai shi, amma wanda ya fi ƙarfi a lokacin shi ne wani tsoron: in yarinyar nan ta mutu, daga baya aka ji ban cire ta duka ba, ba zan sake ganin Rijiyar Zaki ba.

Na ce, "Akwai." Zoben matasan ya ɗan matso. Liman ya ce a ina. Sai wautar tawa ta sake motsawa, na ɗauko kalmar cloud da muke kiran ma'ajiyar intanet da ita a kwaleji zan fassara musu. Na ce, "Yana cikin gajim..." Hedimasta ya damƙi gwiwata da ƙarfi har sai da na ji zafi. Ya ce, "Yana wurin malamarsu a Kano yake nufi. Daga nan ma yana iya gogewa." Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Da na ƙarasa cewa na ajiye 'yarsu a cikin gajimare, ban san wa zai ba ku labarin nan ba.

Aka ce to in goge. Na ce sai an je inda sabis yake. Aka ce ina ne. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, "Gindin tsamiya."

Haka muka ɗunguma. Ni a gaba ba takalmi, don na manta shi a ƙofar mai gari, ƙaya tana sukata ban ma kula ba. Da aka kusa, jama'a suka tsaya daga nesa. Mu huɗu muka ƙarasa: ni, hedimasta, liman yana ta karanta addu'a ƙasa-ƙasa, da mahaifin yarinyar da laujensa a hannu. Ranar kuwa sabis ya ga dama ya yi min wulaƙanci. 'Yar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar waya, gumi yana bin bayana, ga numfashin mutumin a wuyana. Na saba in ce "tafi mana" amma ranar na datse bakina gam.

Da ƙyar ta buɗe. Na nemo foldarta, na taɓa wurin gogewa. Sai wayar ta fito da ɗan rubutun nan da take fitowa da shi.

"Me ta ce?" ya tambaye ni.

Na ce, "Tana tambaya ko na tabbata."

Ya kalle ni. "To ka tabbata?"

Wannan wurin ne ban taɓa ba wa kowa labarinsa daidai ba sai yau. Yatsana ya tsaya. Bai daɗe ba, numfashi uku ne ko huɗu, amma ya tsaya. Sati shida na aiki, yarinyar da ta zo ba ta iya ba ta tafi ta iya, abin da malamarmu ta ce a nan maki yake. Yarinyar tana can tana jijjiga, ubanta ba zai ɗauke ta ba sai na danna, ni kuma ina tsaye ina jin ciwon rabuwa da folda. Na danna.

Ya ce in nuna masa inda take da. Bai iya karatu ba, sai na nuna masa hannuwan masu sunan 'yarsa, ya bi su da yatsa yana ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sake ƙirgawa. Sai ya juya ya zura da gudu, babban mutum, ya bar laujen a ƙasa. Kafin mu dawo cikin gari mun ji ƙarar babur ya nufi hanyar Tsanyawa, an sa yarinyar a tsakiya, mahaifiyarta ta riƙe ta ta baya.

Mai gari ya yanke cewa in cire sunan kowace mace daga wayar kafin rana ta faɗi, kuma duk uban da ya ce a goge ɗansa a goge. Na yi. Ya kuma ce kada in bar garin sai an ga yadda Allah ya yi da yarinyar. Bai ce tsare ni aka yi ba. Ba sai ya faɗa ba.

Kwana uku na yi a haka. Makaranta ba yara, ni kuma ba na wuce masallaci da gidan hedimasta, inda ya ce in riƙa cin abinci. In na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi. In matan maƙwabta suna daka suka tsaya gaba ɗaya, sai in miƙe tsaye in kasa kunne ko kuka zai biyo baya. Ranar Laraba da hantsi na hango mutum uku da fartanya sun nufi gabas, inda maƙabarta take, na zauna daɓas a ƙasa, ashe gyaɗa za su tona. Na yi wa yarinyar nan addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba. Amma in na duba zuciyata, rabin addu'ar kaina nake yi wa, kuma na san haka tun a lokacin.

Ranar Alhamis da safe ina zaune a ɗaki aka yi sallama. Na gane muryar, mahaifin yarinyar ne. Ban tashi ba sai da ya sake yi. Na fito na same shi tsaye da ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai.

"Ta tashi," ya ce. "Jiya ta sha kunu. Ta gane babarta."

Na jingina da bango. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Na tambaye shi me likita ya ce.

"Wai sauro ne." Ya ɗan kaɗa kai. "Su nasu suka sani. Ni dai na ga ana cire ta magani ya kama." Ya miƙo min ƙwaryar, ɗanyar gyaɗa ce sabuwar tonowa, da ƙasarta. "Allah ya saka da alheri da ka sake ta, Malam. Wani da ba zai saki ba."

Na buɗe baki zan ce masa ban taɓa riƙe ta ba. Zan ce masa sauron ne da gaske, kuma kwana ukun da aka yi ana jira su ne suka kusa kashe ta. Sai na tuna yatsana a gindin tsamiya. Na rufe bakina, na karɓi gyaɗar da hannu biyu, na ce amin.

Bayan sati biyu ta dawo makaranta, ta ƙara ramewa, ta koma ƙarshen bencinta. Yara sun dawo, hedimasta ya bi gida-gida ya yi bayani, waɗanda iyayensu suka yarda na ci gaba da ɗaukar aikinsu. Ranar da na fara ciro waya a gabanta, ba ma ita zan ɗauka ba, sai na ga ta janye hannayenta a hankali ta cusa su cikin hijabi. Na mayar da wayar aljihu. Daga ranar in zan ɗauki aikin wani, sai in fita da shi baranda.

A satina na ƙarshe na ba ta littafi, ta tashi ta karanta shafi guda cur ba ta tsaya ba. Babu hoto, babu murya, babu inda aka ajiye shi. Ni da yaran aji uku ne kawai muka ji.

Da na koma Kano malamarmu ta ce, "Ina yarinyar nan da nake bi? Na buɗe na ga babu ita." Na ba ta labari. Ta yi dariya a wurin gajimare, a sauran kuwa ba ta yi ba. Makin da ta ba ni na tsaka-tsaki ne, kuma ban yi ƙorafi ba.

Yau ni malami ne, kuma har yanzu ina haɗa wa ɗalibaina irin wannan folda, don na ga amfaninta: yaro ya ji muryarsa ta wata uku da suka wuce ya yi dariya, ya san ya yi gaba. Amma kafin in ɗauki hoton ko yatsa ɗaya, sai na zauna da iyaye na buɗe wayar a gabansu sun gani, wanda ya ce a'a an bar shi. Masu suna ɗaya lamba nake ba su. Jakar aiki nake ce wa abin, waccan kalmar kuwa ko a rediyo na ji ta sai na ji wani iri.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin labarin camfin mutanen ƙauye, ana dariya ina dariya. Yanzu na daina. Mutanen nan sun ga baƙo yana tattara abin da ba a ba shi ba daga jikin 'ya'yansu, suka tambaye shi a zaune a kan tabarma, alhali suna iya yin abin da ya fi haka. Mahaifin yarinyar ya yi kuskure a kan ciwon, wannan gaskiya ne. Amma da ya ce na riƙe ta, bai yi kuskure duka ba.

Har yau in zan goge wani abu, ko hoton banza ne, waya ta tambaye ni ko na tabbata, ba rubutun nake gani ba. Muryarsa nake ji a bayan wuyana.